Jan Baƙi a Bayan Sifika

Laraba, 2 ga Afrilu

Zafi. Tun safe muke wankin mota, ruwan tanki kamar an ɗora shi a wuta. Yatsuna sun yamutse kamar na tsohuwa.

Na dawo na tarar Umma a bakin ƙofa da fuskar nan tata ta akwai aiki. Wai kwamitin unguwa sun shirya kiɗan bazara, kowace Asabar da yamma a filin makarantar firamare. Duk mai abin kaɗawa ko busawa an ba shi rana. An sa Tsoho, mahaifinta, shi da gogensa.

Na ce Allah ya ba da sa'a, ni ina ruwana. Ta ce da ruwanka har da tsaki. Tsoho ya fara mantuwa. Hannu bai manta goge ba, amma baitin waƙa sai ya kama kai ya saki wutsiya. 'Yan amshinsa kuwa, wanda bai mutu ba ya kurumce. Ni kaɗai na haddace waƙoƙinsa kaf.

Gaskiya ne. Sai dai ba don Allah na haddace ba. Don in riƙa kwaikwayonsa ne ina ba Kaka dariya, Allah ya jiƙanta. Amaryata, da ya yi mini ƙafa ya aure tun kafin a haife ni.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na je wurin Tsoho. Ɗakin yana nan yadda yake: katifa, buta, goge a rataye jikin ƙusa, da fankar da ba ta juyawa sai an mare ta.

"Ɓarawon mata, me aka zo sata?"

Na ce me ya rage, ko haƙora an riga ni.

Mun shirya. Zan tsuguna a bayan babbar sifika, dab da kujerarsa, in riƙa ja masa baƙi kamar yadda Malam yake mana a makarantar allo: in faɗi baiti a hankali, shi ya rera. Allah ya yafe mini haɗa karatu da waƙa, amma aikin ɗaya ne.

Sharaɗi ɗaya ya kafa. Ya kama kunnena, da gaske fa, ba kamun wasa ba. Ya ce ranar da wani ya ji ana ja masa baƙi a waƙar da shi ya haifa, to in tafi in haƙa masa kabari kawai.

Na ce ba ni da shebur. Bai yi dariya ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

An buɗe. Shugabar kwamiti, Anti Nas, ta yi jawabi har rana ta gaji da mu. Sannan 'yan badujala, tsofaffin 'yan sanda masu ritaya, kowa da ƙahonsa da tumbinsa.

Na cusa jiƙaƙƙen soson wankin mota a cikin babban ƙahon. Mai shi ya hura, ya hura, kumatu kamar za su fashe, abin sai kukan ɗan akuya. Ban ma ji daɗin abin sosai ba, don ni aka sa kwashe kujeru bayan an tashi. Wayyo bayana.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mai aski da jitarsa, waƙar soyayya zalla, ido a rufe. Da ma haka yake aski. Bayansa samarin gambara, su Ɗan Birni, suna tsalle suna nuna mu da yatsa kamar mun ci musu wani abu. Na yi gyangyaɗi a tsaye.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Gwaji da Tsoho. Idan na ja masa baƙi, tsaf yake biyowa, ko waige ba ya yi. Abin da na faɗa shi ne. Har abin ya ɗan ba ni tsoro, yadda mutum zai miƙa maka bakinsa haka.

Waƙar Kaka zai rufe da ita, wadda ya yi bayan rasuwarta. Mai cewa:

Kin tafi kin bar ƙofa a buɗe,
Har yau ban iya rufewa ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Ban san ta inda zan fara ba.

Ranar Tsoho ce. Na tsuguna a bayan sifika, ƙasa da zafi, tururuwa na hawa ƙafata, ƙarar abin tana kaɗa mini hanji. Waƙoƙin farko sun tafi lafiya. Amma ta kafar da nake leƙe ina ganin mutane. Wasu na danna waya, wasu na fifita da kwali, layin baya sun fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Anti Nas na duba agogo.

Aka zo waƙar Kaka. Daidai nan idona ya faɗa kan katangar makaranta, maigadi ya wanke wandonsa ya rataya, yana ɗiga.

Wallahi ban shirya ba. Bakina ne ya riga ni. Na ce, "Kin tafi kin bar wando a jiƙe, har yau ban iya shanyawa ba."

Na zaci zai gane. Na zaci zai miƙo sandar goge ya ƙwanƙwashe ni kamar kullum, ya rera nasa. Sai ya rufe ido ya rera nawa, da muryar nan mai rawa da yake ajiye wa Kaka kaɗai.

Fili ya ɗauke wuta, sannan ya fashe. Wani ya faɗo daga benci. Waɗanda suka kai bakin get suka dawo. "A maimaita! Baba a maimaita!" Ya buɗe ido yana kallonsu, ya ga haƙora ko'ina. Ya yi murmushi. Ya maimaita, ba tare da na ja masa ba.

Ni ma na yi dariya, ba zan yi ƙarya ba. Har da kwanciya a ƙasa.

A hanyar gida yana ta tafiya da sauri kamar saurayi. Wai, "Ka gani ko? Har yanzu da saurana."

Lahadi, 20 ga Afrilu

Yaran layi sun samu waƙa. Baba Wando-a-jiƙe. Ba su ma tsaya a wanki ba, sun mayar da ita wai Tsoho fitsarin kwance yake.

Umma ba ta yi mini faɗa ba. Ta ajiye mini abinci ta ce, "Uwata ce fa." Ta shige ɗaki. Da duka ta yi da ya fi mini sauƙi.

Talata, 22 ga Afrilu

Na je in kwance abin da na ƙulla. Na zauna na ce Tsoho, baitin nan na wando, nawa ne, ni na saka maka, tsiya ce kawai.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai? Kai da ko kukan jaki ba ka iya shiryawa? Ni na yi abina. Da can haka yake."

Na rantse. Ya ce rantsuwar ɗan wankin mota kumfa ce. Wai don na ga an yi masa tafi ne nake son in raba gado tun yana da rai.

Na rera masa na gaskiyan, na ƙofa. Ya saurara da kyau, ya ce wannan ma ba laifi, na wane ne?



Alhamis, 24 ga Afrilu

Motoci, motoci, motoci. Wani mai baƙar jif ya sa na sake wanke tayoyi wai akwai ƙura. A kan me motar za ta taka in ta fita, a kan gajimare?

Asabar, 26 ga Afrilu

Matan kwaya na coci, riguna iri ɗaya, murya kamar ruwan sanyi. Ba sa buƙatar sifika ma.

Bayan an tashi ina naɗe waya, shugabarsu ta tsaya a kaina. Maman Kwaya, ƙawar Kaka ce tun suna sayar da yadi rumfa ɗaya. Ta ce ɗana, ranar nan ina wurin. Na san waƙar nan, a gabana ya fara rera ta, ana zaman makoki. Wa ya taɓa ta?

Na ce tsufa ne, Mama.

Ta ce tsufa yana ɗauka ne, ba ya sakawa. Ta tafi.

Da na faɗa mata gaskiya, da na faɗa mata ana ja masa baƙi. Ga kuma kunnena da aka kama.

Laraba, 30 ga Afrilu

Tsugune ba ta ƙare ba. Anti Nas ta zo gidan Tsoho da kanta, ni da Umma muna can. Wai jama'a sun nema, Tsoho ne zai rufe kiɗan bazara ranar ƙarshe, a sa shi bayan kowa. "Amma fa da ta wandon nan, Baba, ita ake jira."

Umma na ta murza gefen zaninta. Tsoho kuwa baki har kunne. Ya ce a gaya musu su zo da haƙarƙarin aro.

Rabon da a zo har gida neman sa tun ina yaro. Ta ina zan ce kar ya je?

Juma'a, 2 ga Mayu

Bayan masallaci na biya wurin Tsoho. Na same shi zaune, goge a cinya, ba ya kaɗawa. Ko ɓarawon mata bai ce mini ba.

Can ya ce, "Zo nan. Waƙar nan ta kakarka."

Na ce na'am.

"Me ya sa zan ce mata haka? Mace ta yi mini wanki har ƙarfinta ya ƙare, ta mutu, abin da na samu in faɗa a kanta wando ne? Wane irin miji ne ni?"

Na ce ba kai ka faɗa ba, Tsoho, ni ne. Kai ƙofa ka ce.

Ya ce ƙofa. Ya juya kalmar a baki kamar mai neman tsakuwa a cikin abinci. Ya ce to koya mini.

Ban san ko ya yarda ba ne, ko dai ya fi son ya zama ƙofar.

Asabar, 3 ga Mayu

Ranar mai sarewa ce da malamin piyano, amma su Ɗan Birni suka roƙi a ba su minti kaɗan. Sun ɗauki muryar Tsoho a waya sun yanka ta, sun ɗora a kan kiɗansu. Wando, wando, wan-wan-wando a jiƙe. Yara har da sabuwar rawa, ana matse gwiwa.

Na tare Ɗan Birni a bayan dandamali na ce ya goge. Ya ce, "Kai ne yau kake wa'azi, Ƙaiƙayi? Kai da ka sa wa ladan barkono a carbi?"

Ba carbi ba ne, hula ce. Amma dai.

Litinin, 5 ga Mayu

Mun fara. Kullum kafin in tafi aiki, da kuma in na taso. Ina biya masa, yana maimaitawa. Ƙofa a buɗe. Ƙofa a buɗe. Ya yi daidai sau da yawa a jere, har in saki jiki. Da ya ɗauki goge ya ja daga farkon waƙa, ya iso wurin, sai wando ya faɗo da kansa.

Malam ya sha gaya mana, gyaran hadda ya fi sabuwar hadda wuya. Allo ana wanke shi, kai kuwa ba a wanke shi. Lokacin ina can ina ɗaure wa na gabana riga da tabarma, ban san ni ake wa tanadi ba.

Abin da ya shafe shekaru yana rerawa ya zame, abin da na faɗa sau ɗaya ya kama kamar kaska. Tafin ne, na sani. An buga masa shi da tafi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na yi barci a cikin motar mutane, soso a hannu. Oga ya ce in ba zan iya ba akwai masu jira.

Asabar, 10 ga Mayu

Masu ganga da wata yarinya mai waƙar turanci. Ban ji ko ɗaya ba.

Na samu Anti Nas tana raba ruwa. Na ce ranar rufewa a bar Tsoho ya yi sauran waƙoƙinsa, a cire ta wandon. Ta ce dalili? Na ce ba ta dace ba. Ta sauke tabarau ta dube ni.

"Kai ne mai cewa abu bai dace ba? Shi mai waƙar ya ce ba ya so?"

 In na ce ni na saka, za ta ce ta yaya. In na ce ta yaya, na haƙa kabari. Na ce shi ke nan, na ɗauki kujera biyu na yi gaba kamar an aike ni.

Talata, 13 ga Mayu

Yau ya yi fushi. Ya ce na ishe shi da ƙofa, ƙofa, shi kafinta ne? Ya kore ni. Na kai bakin zaure ya kira ni, wai in zo in mari fanka.

Na mare ta. Muka ci gaba.

Alhamis, 15 ga Mayu

Umma ta zo gaishe shi, ta ce mini ko dai a ce ba shi da lafiya. Ya ji ta daga ɗaki. Ya ce wanda ya hana shi zuwa, shi da shi har lahira. Ya sa na goge masa babbar rigarsa.

A gwajin yau rabi da rabi. Na gaji. Muryata ta dushe kamar ni ne mawaƙin.

Asabar, 17 ga Mayu

An rufe.

Fili bai taɓa cika haka ba. Har kan katanga. Kowa ya yi ɗan nasa, 'yan badujala, mai aski, matan kwaya, kowa. Ana yi ana kiran wando.

Na shiga bayan sifika tun kafin a hau da shi. Da ya zauna ya miƙo ƙafa baya ya taɓa gwiwata, ya tabbatar ina nan.

Waƙoƙin farko ba wanda ya saurara. Da ya ja gogen waƙar Kaka, fili ya ɗauki ihu. Muka bi baiti baiti, ina ja yana bi. Muna matsowa, ina jin su suna tara numfashi.

Na faɗa da ƙarfi, fiye da yadda na saba, har na ji tsoron makirufo zai kama: ƙofa a buɗe, Tsoho, ƙofa.

Ya rera, "Kin tafi kin bar..."

Fili gaba ɗaya: "WANDO A JIƘE!"

Ya tsaya. Ina ganin ƙeyarsa, gumi na bin wuyan riga. Kansa ya ɗan karkato wajena, ya koma wajensu. Ni a kunne ɗaya, gari guda a ɗayan. Na sake faɗa. Ban san ko ya ji ba.

Bai rera ko ɗaya ba. Ya sunkuyar da kai ya bar goge ya yi ta tafiya. Suka sake ihu, suna tafi don su ba shi kiɗa, gogen ya ƙi bin tafinsu. Ya ja, ya ja, a hankali, har tafin ya rikice ya mutu. Yara suka yi ta ƙyalƙyala su kaɗai, wata uwa ta ce kai, ku yi mana shiru.

Sannan ya ɗago ya ce, ba ma da waƙa sosai ba, kamar magana:

"Kin tafi. Har yau ban iya ba."

Ya sauke sandar. Ya ƙare ke nan, akwai sauran baitoci amma bai waiwaye su ba.

An yi tafi, ba irin na ranar nan ba. Wasu sun ji haushi, na ji wani yana cewa tsohon ya manta ne, an cuce mu. Su Ɗan Birni sun kunna tasu ana watsewa. Maman Kwaya ta zo ta riƙe hannunsa, ni kuwa ba ta dube ni ba.

Ƙafata ta mutu a wurin tsuguno, sai da na ja ta kamar buhu. Kujeru kuma suna jirana.

Lahadi, 18 ga Mayu

Barci. Yaran layi suna nan da waƙarsu. Umma ta ce in ci abinci tun da zafi, ta kira ni da sunana, karo na farko tun ranar wandon.

Laraba, 21 ga Mayu

An kwashe dandamali, fili ya koma na 'yan ƙwallo. Ba gwaji, ba komai. Na taso aiki ƙafata ta kai ni wurin Tsoho da kanta.

Yana kwance. Ya ce, "Kai, kakarka ba ta dawo daga kasuwa ba?"

Amsa har uku suka zo mini baki lokaci guda, kowace ta fi 'yar'uwarta daɗi. Ta farkon ma da ya yi dariya har ya ƙware, na sani.

Na zauna a bakin katifa na ce ta rasu, Tsoho. Da daɗewa. Kai ka yi mata waƙa.

Ya ɗaga ido ya kalli silin. Can ya ce, "Na sani, ɗan banza. So nake in ji ko za ka yi mini ƙarya."

Ko ya sani, ko bai sani ba, oho. Ban tambaya ba.

Gobe ma zan biya. Ba don komai ba, ɗakinsa ya fi namu iska.